Ranar da na koya wa Baba Hamidu dusar ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Asabar a lakwal ɗin Gaya ba, wato makarantar boko, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawa ba ne. Na yi. Har yau, in ta faɗo mini a rai ina alwala ko ina tsakiyar cin tuwo, sai in ji na ja tsaki ni kaɗai, iyalina su tambaye ni da wa nake. Da kaina nake.

Lokacin shekara biyu ke nan da samun mulkin kai. Ina da shekara ashirin da biyu, ɗan manomin hatsi daga Zabori, na gama makarantar horar da malamai aka turo ni Gaya koyarwa. A wancan zamani, in kana da takarda da wando mai guga, yara kuma suna ce maka Mushe, wato malam a bakin ƴan lakwal, to kai ma wani ɗan yanki ne na gwamnati. Ni kuwa na ɗauki kaina yanki babba.

Da hutun damina ya matso, takarda ta zo daga Yamai cewa ina cikin matasan malaman da za a kai Faransa ƙaro ilimi na wata uku. Darakta ya karanta ta a gaban yara duka. Mahaifiyata ta aiko mini da yaji da dambun nama, wai kada abincin Nasara ya hana ni ci. Aka raka ni tasha kamar mai tafiya Makka. Da na isa Yamai, wani magatakarda ya bi jerin sunaye da yatsa sau biyu, ya ɗago ya ce babu sunana, an sa wani a gurbina. Ko kujera bai nuna mini ba.

Mai hankali zai hau mota ya koma gida ya faɗi abin da ya faru, a yi masa jaje kwana biyu a wuce wurin. Ni sai na laɓe gidan wani ɗan garinmu mai gyaran keke a bayan kasuwa. Wata uku cur ina taya shi hura taya, ina karanta duk littafin da ya ambaci Faransa. Kafin in dawo na shiga wurin ƴan gwanjo na sayi babbar rigar sanyi irin wadda ake ce wa manto, baƙa, mai nauyi, tana warin wani mutum dabam. Da ita a jikina na sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, a Gaya cikin zafin watan goma, gumi yana bin ƙafata har cikin takalmi.

(Don in yi wa kaina adalci, da farko ban taɓa buɗe baki na ce na je ba. Mutane ne suka ce, "Mushe, sannu da dawowa daga Faransa," ni kuma na ce, "Yauwa." Daga wannan yauwa ɗin komai ya tashi. Kafin wata guda ina da aboki a can, ina da unguwa, har da wata tsohuwa mai sayar da burodi da ta yi kuka ranar da zan taho.)

Ina haya a gidan wani tsohon soja, Baba Hamidu, mutumin Tunuga. Gidan yana kusa da kogi. Shi ba mai magana ba ne. Wuni yake yi a zaure yana ɗinkin tarun masunta, yana riƙe zaren da haƙori da babban yatsan ƙafa, domin yatsu biyu ne suka rage masa a hannun dama, uku a hagu. Ni da ilimina na duba hannayen nan na yanke hukunci cewa kuturta ce. Na ware kofina da kwanona, in ya miƙo mini goro sai in ce ina ciwon haƙori. Ya gani sarai. Sau ɗaya na tambaye shi inda suka yi yaƙi, ya ce, "Nesa." A gari wasu suna cewa Madagaska ce, wasu suna cewa wata ƙasa ce mai shinkafa can gabas. Duk dai ƙasashen zafi ne, don haka hankalina ya kwanta.

A ɗaya sashen gidan akwai Inna Hajo, matar ƙanensa Sumana. Rana ɗaya aka ɗauki wa da ƙane soja, wan ya dawo, ƙanen bai dawo ba. Kowa a unguwa ya san labarin yadda Baba Hamidu ya kawo shi: harsashi ya sami Sumana a ƙirji, ya yi kalmar shahada, ya cika nan take a hannun ɗan uwansa. Inna Hajo ba ta sake aure ba. Ta reni ƴarta ɗaya ta aurar da ita, tana sayar da shinkafa da soyayyen kifi a ƙofar lakwal, ita ce kuma ke dafa mini abinci. Mace ce mai dariya, irin dariyar da ake ji daga bakin kogi. "Ɗana Mushe" take ce mini, kuma kullum kan kifi nawa ne.

Da sanyi ya shigo, darakta ya fito da wata dabara. Iyaye ba sa son kawo yara lakwal, musamman masunta da masu fadamar shinkafa, don haka ya ce za a riƙa tara su lokaci lokaci a yi musu hira da Hausa, su ga amfanin karatu da idonsu. Wa zai fara? Ai ba sai an tambaya ba. Malamin da ya je Faransa ya dawo.

Na zauna na yi tunanin abin da zan faɗa wanda ba mai iya ƙaryata ni. A littafin karatu na manyan aji akwai wani darasi kan duwatsu masu tsawo, da hoton wani farin dutse, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga kansa tana shirin rufe wasu ƴan gidaje. Nasara suna ce wa abin abalansh. Na ce shi ke nan, na samu. A Gaya mun san ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farkon damina ta fasa ganyen masara, amma dusarta ko a mafarki ba wanda ya taɓa gani. Na haddace darasin, na ƙara masa gishiri, na tsaya gaban ɗan madubina na gwada har da yadda zan ɗaga gira.

Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwan mangwaro na lakwal. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga sabon kumanda mai mulkin yankin, baƙin mutum na farko da ya zauna a wannan kujera, shi da darakta a kan benci na gaba. Inna Hajo ta zo da tirenta ta zauna cikin mata. Baba Hamidu yana can baya jingine da itace, tarunsa a cinya. Ni kuwa na fito cikin manto. (Sanyin ranar bai kai na manto ba, amma ai ba don sanyi na sa ta ba.)

Gaskiya na iya magana, kuma wannan yana cikin abin da ya kashe ni. Na zana dutse a allo, na zana ɗan mutum a gindinsa ya ɗaga hannu sama, na ce ni ne. Na ba su labarin gidaje masu hawa goma da jirgin ƙasa da ke tafiya cikin rami. Sannan na zo kan dusar ƙanƙara. Na ce fara ce fat, mai laushi, kamar an zazzage rumbun auduga daga sama. Na ce wata rana ni da abokina muka hau dutse, na yi kira da ƙarfi don in ji amsawar muryata, sai dutsen ya saki dusar da ke kansa ta gangaro ta rufe ni har wuya. Mata suka riƙe baki. Na ɗan yi shiru yadda na gwada a gaban madubi, sannan na ce na miƙe na kakkaɓe rigata, wannan da kuke gani, muka sauka muka sha shayi.

Wani dattijo mai noman shinkafa ya ɗaga hannu kamar ɗan aji, ya ce, "Mushe, to ita ba ta kisa?"

A littafin an rubuta cewa tana kisa. Na karanta da idona. Amma jama'a suna hannuna, kumanda yana murmushi, ni kuma ina jin daɗin kaina. Sai na ce, "Tana kashe rago da wawa, Baba. Wanda ya kwanta ya ƙi tashi. Namijin da auduga ta kashe, ai sai an gama yi masa dariya sannan a yi masa salla."

Wuri ya ɗauki dariya. Wadda ta fi kowa kuwa Inna Hajo ce. Ta yi dariya har tana share ido da bakin zane, tana dukan cinyar ta kusa da ita tana maimaitawa, "Auduga ta kashe namiji." Ina kallonta ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Sai na ga Baba Hamidu ya ajiye taru ya miƙe. Ba ni yake kallo ba, ita yake kallo. Da dariyar ta lafa sai ya juyo.

"Mushe, in yi tambaya?"

"Bismilla, Baba."

"Wane wata ka tafi?"

"Watan bakwai."

"Ka dawo farkon watan goma. To a wannan lokaci zafi ake yi a can. Ciyawa ce a kan duwatsun, shanu suna kiwo. Ɗan abin da ya rage na dusa yana can ƙololuwa inda ba a kai baƙo."

A nan ya kamata in zauna. Maimakon haka na ce, "Bana sanyi ya zo musu da wuri."

Ya gyaɗa kai. "To. Kafin ta sako, wane ƙara ka ji ƙarƙashin ƙafarka?"

"Ba ta ƙara, Baba. Abu ne mai laushi."

"Tana yi," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "Mushe, na san ba ka je ba tun ranar da ka sauka. Direban da ya kawo ka ya sha ganin ka a Yamai kana hura taya. Na roƙe shi ya yi shiru, ni ma na yi. Na ce yaro ne, zai gaji ya bari. Amma yau ka sa an yi wa wasu mutane dariya, kuma ba su nan balle su kare kansu."

 Na ji kukan wata akuya daga can bakin gada. Na ji manto ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Allin yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Ya tako zuwa gaba a hankali, ya tsaya kusa da allon, ya fara magana da Hausarsa mai karin Dandanci. Ya ce a sanyin ƙarshe na yaƙi an kai su wasu duwatsu a Faransa, aikinsu ɗaukar abinci da harsasai a baya zuwa wani sansani da ke can sama. Mai nuna musu hanya wani tsohon makiyayi ne ɗan wurin. Ya ce a wurin tsohon nan ya koyi cewa dusar ba abu ɗaya ba ce.

"Hawa hawa take," in ji shi, "kamar gaɓar kogi in ruwa ya yanke ta, ka ga yumɓu, ka ga rairayi, ka ga wani yumɓun. Kowane zubi da halinsa. Tsohon nan ba ya taka gangare sai ya haƙa rami ya duba cikinta."

Ya ce kwana uku aka yi tana zuba ba tsayawa, iska kuma tana kwasar ta daga wancan gefen dutse tana jibgewa a gefen da za su ratsa. Safiyar da za su tashi sai iskar ta juya ta yi ɗumi, har ruwa yana ɗiga daga rufin ɗaki. Su sojoji murna suka yi, sun ce sanyi ya yi sauƙi. Tsohon kuwa fuskarsa ta ɓaci. Da suka isa bakin gangaren ya haƙa rami har ƙugu, ya kira su su gani. Ta sama ta daskare kamar katako, sai da ƙarfi yatsa ke shiga. Can ƙasa kuma ya ɗebo wata a tafin hannu, ta zube tsakanin yatsunsa kamar gishiri, ba ta kama juna.

"Ya ce mana, ku ɗauka an zuba gero a kan tudu, aka ɗora faifai a kansa. Faifan yana zaune lafiya, har sai wani ya taka."

Ya ce tsohon ya ba da shawara a jira kwana biyu ta zauna, ko a bi ta doron dutsen inda iska ta share, ko da yake hanyar ta fi nisa. Shugabansu wani ƙaramin hafsa ne, bai daɗe da fitowa makaranta ba. (A nan Baba Hamidu ya ɗan dube ni, sau ɗaya kawai, ya isa.) Hafsan ya ce mutanen sama kwana biyu ba su ci ba, kuma gaskiyarsa ce, ba su ci ba. Tsohon ya ce to a ratsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jira na gabansa ya tsallake. Hafsan ya duba agogo ya ce in aka yi haka rana za ta faɗi suna hanya. Aka shiga a jere.

"Muna tsakiya na ji ta," in ji Baba Hamidu. "Kamar an yar da buhun hatsi a ɗakin da ke ƙarƙashinka. Ƙasa ta ɗan nutse da mu. Na ɗaga kai na ga tsaga ta gudu a samanmu daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an yaga zane. Daga nan gangaren duka ya taho. Ba auduga ba ce, Mushe. Guntaye ne kamar katangar gida. Ba a gudu. Ko doki ba ya tsere mata."

Ya ce abin da ba wanda zai gane sai wanda ya shiga shi ne lokacin da ta tsaya. Tana tsayawa take ƙanƙamewa kamar ginin laka da ya sha rana. Shi ta rufe shi har ƙirji, hannu ɗaya a waje, amma ko juya ƙugu ya kasa, in ya fitar da numfashi sai ta matse wurin ta hana shi jan wani. Tsohon makiyayin, wanda ya ƙi shiga layin, shi ya tono shi. Shebur biyu kawai gare su. Suka riƙa soka sanduna suna neman inda za su ji taushin jikin mutum. Shi Baba Hamidu safar hannunsa tana zamewa, sai ya cire ta ya yi haƙa da yatsu.

"Mutum huɗu ta binne gaba ɗaya. Biyu mun same su da rai. Na uku wuyansa ya karye, bai wahala ba. Na huɗu sai da rana ta kusa faɗuwa, zurfin tsayin mutum." Ya ci gaba da cewa, "Ya kare fuskarsa da hannu biyu, ya yi ɗan kogo a gaban bakinsa kamar yadda tsohon ya koya mana. Cikin kogon ya yi santsi kamar kwalba, numfashinsa ne ya narke ta ya sake daskarewa. Tsohon ya ce hakan ba ya faruwa sai mutum ya daɗe da rai. Wato ya daɗe yana jiran mu."

Ya ɗaga hannayensa biyu yadda kowa zai gani. "Waɗannan likita ya yanke bayan kwana tara, sun yi baƙi. Mutumin nan ba rago ba ne, ba wawa ba ne. Buhun da ya fi nauyi shi ya ɗauka, don ya ga ina tari."

Ina jin a lokacin ne shi kansa ya gane ya wuce inda ya yi niyyar tsayawa. Ya sauke hannu. Daga cikin mata aka ji muryar Inna Hajo, a hankali, ba irin muryarta ba.

"Yaya, wa ka tono?"

Ya kau da kai. Ta sake magana.

"Ka ce harsashi ne."

"Na ce, Hajo."

"Ka ce a hannunka ya cika, nan take."

"Na ce."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, ta bi ta tsakanin tabarmi ta fita, ta bar tiren kifinta a ƙasa. Mata biyu suka bi ta. Liman ya yi addu'a gajeriya ga waɗanda suka riga mu, aka shafa. Kumanda ya tashi ya yi wa Baba Hamidu sallama da hannu biyu, ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin. Mutane suka naɗe tabarminsu. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini dariya. Aka bar ni tsaye cikin manto, kusa da ɗan mutumin da na zana ya ɗaga hannu sama.

Washegari da hantsi na ɗaure kayana zan gudu Zabori. Na zo fita na tarar da Baba Hamidu a zaure. Ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Ina zuwa? Faransa?"

Na tsuguna na fara ba shi haƙuri, kalmomin suna karo da juna. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Laifinka rabi ne. Bakina ne ya buɗe, ba naka ba. Mayar da akwatin, yara suna da karatu gobe." Ya jawo kwanon ɗumame ya ajiye tsakaninmu. Na sa hannu muka ci tare. 

Ran Litinin darakta ya kira ni ya ce ba za a rubuta takarda a kaina ba, kumanda ya ce abin da ya same ni ya isa. Amma taron iyaye ya mutu daga ranar, ba a sake yi ba. Mutum uku suka cire ƴaƴansu, ɗaya ya aiko da cewa in ƙarya ake koyarwa, a gida ma akwai masu iyawa. Yara suka sa mini Mushe Auduga. Ba a gabana ba, sai in na juya ina rubutu a allo in ji wani ya ce a hankali, "Laushi."

Inna Hajo kuwa kwana tara ba ta fito da tire ba. Ta yi sadakar masa kamar an yi sabon rashi. Ba ta sake gaida Baba Hamidu ba har sai da aka ci sabon hatsi. Na ji ta sau ɗaya ta bayan danga tana ce masa, "Shekara goma sha bakwai ka bar ni ina yi wa bindiga Allah ya isa." Ya ce, "Na ga za ki fi iya ɗaukar wancan." Ta ce, "Ba kai ke zaɓar mini abin da zan ɗauka ba."

Sai da na yi sati biyu ina kewaye ƙofarta sannan na samu ƙarfin yin sallama. Na tarar da ita tana gyaran kifi. Na durƙusa nesa na ce, "Inna, na zo ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta gama da kifin da ke hannunta, ta wanke wuƙa, sannan ta ce, "Wannan hoton da ka ce yana cikin littafinku, kawo in gani."

Na je na ɗauko na buɗe mata. Ta goge hannu a zane ta karɓa a juye, na gyara mata. Ta daɗe tana kallon farin dutsen nan da ƴan gidajen da ke gindinsa.

"Ina mutanen?"

"Ba a zana su ba, Inna."

"In mutum yana ciki, yana jin takun waɗanda ke neman sa a sama?"

Bakina ya buɗe da kansa, domin ya saba. Amsa ta riga ta zo kan harshena, mai daɗi, mai kwantar da hankali. Na haɗiye ta na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta rufe littafin ta miƙo mini. "Ai na san ba ka sani ba," in ji ta. "Wanda ya sani ba na iya tambayar sa ne." Ta zuba mini shinkafa a kwano ta ce in je in ci tun da zafi.

Ta yafe mini, ta ci gaba da dafa mini abinci har shekara biyu da aka canza mini wurin aiki. Amma ba ta sake ce mini ɗana ba, Mushe kawai. Dariyarta ta dawo daga baya, sai dai ba ta kai bakin kogi.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne maƙaryaci yana lissafin asararsa ne kawai. Duk watannin nan ina kwana da tsoron ranar da za a kama ni, ina ganin in ta zo ni kaɗai zan sha. Da ta zo, na sha kunya, gaskiya ne, amma kunyar ɗan shekara ashirin da biyu ba ta da wuyar warkewa. Kafin hutu na koma tafiya da ƙirji a gaba, daga baya na zama darakta, na yi tumbi, na yi ritaya ana yi mini jawabin yabo. Matar da ta zo sayar da kifi ta ɗan yi dariya, ita ta koma gida da abin da ba ta ajiye ba har ta rasu. Shi ya sa in yaran yanzu suka zauna gabana wurin shan shayi suna ba da labarin inda ba su je ba, ba na tona su. Sai dai in waiga in ga wa ke zaune a wurin, in ce musu shayin ya huce, a sha.